Ga Edita: Me ke kai mutanenmu asibitin Galmi?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini.

Ni direban haya ne a hanyar Sakkwato zuwa Illela. Ban da 'yan kasuwa da buhunan albasa, fasinjan da na fi ɗauka shi ne marar lafiya da mai jinyarsa, da tabarma da kwano da 'yar jakar takardu. Idan ka tambaya ina aka nufa, sai a ce Galmi. Daga Illela a tsallaka Ƙonni, a hau wata mota a yi gabas kan hanyar Madawa. Mutum ya baro Sakkwato da asibitin koyarwa na jami'a, ya tafi wani gari a Nijar da aka fi sani da albasa, ya canza nairarsa zuwa sefa da asara. Ko da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023, akwai waɗanda suka bi ta daji a kan babur.

Asibitin na mishan ne. Ƙungiyar SIM ta buɗe shi a 1950, kuma ba su taɓa ɓoye cewa su Kiristoci ne ba. Ba kyauta ake yi ba, ana biya. Wasu likitocin daga Amurka da Ostireliya da wasu ƙasashe suke zuwa, wani ya yi 'yan makonni na hutunsa, wani shekaru, kuma 'yan'uwansu na coci ne ke haɗa musu kuɗin jirgi da na ci. Suna kuma koyar da likitocin fiɗa 'yan Afirka a wurin. Wani dattijo daga wajen Gwadabawa da aka yi wa aikin gwaiwa ya ce mini: "Ɗana, can da munka tai, likita ya zamna ya saurare ni har na ƙare magana." Abin da na fi ji a bakin masu dawowa ke nan. Ba sa zancen na'ura, zancen saurare suke yi.

Na san masu cewa kada a je, wa'azi ake yi. Hakane, ana yi. Amma fasinjojina da Musulunci suke tafiya, da shi suke dawowa, kuma wanda matarsa ta kwana biyu tana naƙuda ba zai tsaya jin fatawar mai hana shi ba, sai fa in mai fatawar ya nuna masa wani gadon asibitin.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Asibitin kutare na Amanawa mishan ne suka kafa shi tun zamanin Turawa, daga baya gwamnati ta karɓa. Ga kuma asibitin yara masu ciwon noma, mai cinye fuska, a cikin garin Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki a ciki, likitocin fiɗa na zuwa daga waje su gyara fuskar yaron da ciwon ya cinye wa leɓe da kumatu, ba a karɓar ko sisi. Ciwon nan na yunwa ne da rashin tsaftar baki da ƙyanda, kuma 'ya'yanmu yake kamawa, ba 'ya'yan waɗanda suka zo ba.

To mu fa? Muna da zakka, muna da waƙafi, har hukuma guda muke da ita a jihar nan don su. Masu hali suna rabon shinkafa da azumi, Allah ya saka musu. Abin da ban cika gani ba shi ne mutum ya ba da lokacinsa. Likitocinmu da nas-nas ɗinmu ba su gaza kowa ba, aiki ne ya yi musu yawa, albashi kuma bai kai ba, don haka ba su nake tuhuma ba. Da wani attajiri zai ɗauki nauyin mota da mai da magani, na tabbata za a samu waɗanda za su ba da Asabar ɗaya a wata su je Tangaza ko Gudu ko Gada, inda tsaro ya bari.

Kuma aikin sa-kai bai tsaya ga mai farar riga ba. Mai jinya kan kwana a ƙasa a bakin ɗakin marasa lafiya, kuɗinsa sun ƙare a magani, ba shi da na koko. Mace na zubar da jini ana neman leda guda, dangi suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, alhali gardawa sun cika kowace majalisa.

Mu direbobi ina kira ga shugabanninmu na tasha da su ware kujera ɗaya kyauta a motar farko ta kowace safiya don marar lafiyar da ya nuna takardar asibiti. Limamanmu kuma su sanar ranar Juma'a cewa wanda ke da lafiya ya je a gwada jininsa, a rubuta sunansa da lambarsa a ajiye a hannun ladan.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wani direba,
Tashar Illela, Sakkwato.