Ɗaukar malamin gida: abin da muka gani a Gadarif

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Sudan a kan wata al'ada da yaƙi ya yawaita mana, wato ɗaukar malami ya riƙa zuwa gida yana koyar da yara a madadin makaranta. Ni magidanci ne mai 'ya'ya biyar, haifaffen Wad Madani, kakannina suna cikin waɗanda suka baro ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji suka yada zango a bakin Nilu, kuma ina zaune a Gadarif tun watan Disamba na 2023, lokacin da Madani ta faɗi muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka.

Kowa ya san cewa tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, makarantun ƙasar nan suka rufe, har a watan Oktoba na wannan shekarar hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta, kuma ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar shahada, wato ta samun takardar kammala sakandare, a 2023 ba su same ta ba sai ƙarshen Disamba na 2024. Mu kanmu da muka iso Gadarif a cikin aji aka sauke mu. Mako uku muka yi muna kwana a ƙarƙashin allon da har lokacin yana ɗauke da darasin lissafin da wani malami ya bari bai goge ba, kuma wata safiya na tarar da 'yata ta biyu ta tsinci guntun alli tana kwafar lambobin a kan siminti, ba tare da ta san abin da suke nufi ba. A ranar na ƙudurta cewa da zarar mun sami ɗakin haya zan nemo malami.

Na nemo shi kuwa, kuma na yi kuskuren da nake so in tsare wa wasu. Wani matashi ne ɗalibin jami'a wanda shi ma yaƙi ya katse masa karatu. Na yi ciniki da shi kamar ina sayen tumatir, na matse shi har ya karɓi abin da bai kai kuɗin motarsa ba, ban tambaye shi littafin da zai bi ba, ban taɓa zama na ji darasi ko sau ɗaya ba, kuma na ɓoye maganar ga maƙwabta don kada su turo nasu yaran su cika mini ɗaki. Wata uku ana haka ina ta alfahari, sai ranar da uwargida ta dawo daga kasuwa da babban ɗanmu ta ce mini, “Malam, karatun nan fa na aku ne. Yaron nan yana karanto maka shafi guda da ka, amma sunan da ke jikin kantin magani ya gagare shi.” Na gwada shi da kaina a kan buhun sukari, ya tsaya yana kallona. Ban ga laifin matashin sosai ba, domin ba a koya masa koyarwa ba, ni kuma sau biyu ina jinkirta masa haƙƙinsa. Da kakar riɗi ta kama ya tafi gona inda ake biya a hannu, ko sallama bai yi mana ba. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya gyara mana lamari shi ne haɗa kai. Gidaje shida muka zauna bayan sallar isha'i a gaban limamin unguwa, muka ɗauki wata malama Bahaushiya wadda ta shekara goma sha biyu tana koyarwa a makarantar gwamnati, ita ma ta gudo daga Madani, albashinta kuma ya daɗe da tsayawa. Muka kafa rumfa, wadda a nan muke ce wa rakuba, a tsakar gidan da ya fi faɗi, yadda duk mai wucewa zai ga abin da ake yi, muka raba yara goma sha bakwai gida biyu bisa abin da suka iya, ba bisa shekarunsu ba. Muka rubuta yarjejeniya a takarda. Saboda darajar fam, kuɗin Sudan, tana zubewa kowane wata, muka ɗaure ladanta da farashin dawa: kowane yaro malwa (mudun awon hatsi na nan) kaza a wata, a biya da hatsi ko da kuɗinsa na ranar ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kuma a biya a farkon wata. Marayu uku da ke cikinmu muka raba nauyinsu a tsakaninmu. Yara suna zuwa makarantar allo da asuba kamar kullum, su dawo su zauna a gabanta har lokacin fatur, wato kalacin hantsi, kowace Alhamis kuma uba ɗaya ko uwa ɗaya za su zauna a gefe su saurari gwajin mako. Malamar da kanta ta ƙara sharaɗi guda, cewa ba za a kira yarinya daga rumfa a aike ta ɗibar ruwa ko goyon ƙani ba, kuma wannan sharaɗin ne ya fi wahalar kiyayewa, har a gidana.

Akwai wata fa'ida da ban yi tsammaninta ba. 'Ya'yanmu da Hausa suke tashi a gida, manhajar Sudan kuwa da Larabci take, saboda haka yaro yakan shekara biyu a aji yana gyaɗa kai alhali rabin maganar ta wuce shi. Malamar nan takan karanta tambaya da Larabcin littafi, ta warware ta da Hausa da misalin tallan gyaɗa ko rabon ƙosai, sannan ta koma Larabci ta sa yaro ya ba da amsa da shi. Cikin wata huɗu 'yar nan tawa mai kwafar lambobi ta fara kama ni da kuskure a lissafin cefane. Duk wanda zai ɗauki malami ga yara ƙanana, ina ba shi shawarar ya fifita mai jin harshen gidansu a kan mai tarin takardu.

To amma ga inda damuwata take, kuma ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Da makarantu suka fara buɗewa, sai na ga wasu iyaye sun ƙi mayar da 'ya'yansu, musamman mata, suna cewa ai malamin gida ya wadatar, ga shi babu cunkoso, babu kuɗin mota, babu fita. Ina fahimtar tsoronsu, domin ni ma na ga abin da ya sa uba ba ya son 'yarsa ta yi nisa da ƙofar gida. Sai dai malamin gida, komai ƙwarewarsa, ba ya ba da shahada, kuma yaron da sunansa ba ya cikin rajistar makaranta zai sha wuya ranar da za a wuce daga aji shida zuwa matakin tsakiya, balle a kai ga sakandare. Mu Hausawan Sudan mun fi kowa sanin darajar takarda, tunda duk da cewa mutanenmu da suka yo hijira daga Arewacin Najeriya sun kafa garin Maiurno a nan Sudan tun bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, har yau akwai wuraren da ake yi wa jikokin waɗancan bayin Allah tambayar daga ina suka zo. Ɗan da ba shi da shahada, wannan tambayar ta fi yi masa nauyi. Mu a rumfarmu mun mayar da duka yaran makaranta, darasin gida ya koma bayan la'asar, kwana uku a mako, don cike giɓin shekarun da suka salwanta.

Saboda haka ina kira ga sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyinmu na Gadarif da Kasala da Damazin da Maiurno da su bi unguwa-unguwa su ƙidaya yaran da har yanzu suke zaune a gida, su haɗa gidajen da ba su da hali da waɗanda suke da shi, su kuma riƙa tantance duk wanda za a damƙa wa yara, domin ba kowane mai riƙe da jaka ne malami ba. Ita malamarmu, tun da sojoji suka karɓe Madani a watan Janairu na 2025 hankalinta ya koma gida, kuma ta sanar da mu cewa bayan kaka za ta tafi. Mun fara neman wadda za ta gaje ta, kuma takardar yarjejeniyar tana wurin liman ga duk unguwar da ke son ta kwafa.

Wassalam.

Naka,
Wani magidanci,
Gadarif, Sudan.