Ga amsar tambayarka a kan su da farautar bana

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Saƙonka ya iso tun makonni uku da suka wuce, na ƙi amsawa a gurguje ne don tambayar da ka yi ba ta layi biyu ba ce. Ka ce yaya su, yaya farauta tun da ka tafi. To ga ni na zauna, littafin nan yana buɗe a gabana.

Littafin da ka dame ni a kai kafin tafiyarka nake nufi. Na bi maganarka. Duk fitar da na yi bana na rubuta ta: ranar, lokacin da na isa, inda iska ke kaɗawa, launin ruwa, kwanan wata, abin da na samu da abin da na rasa. Da na ƙirga jiya, fita 58 ce, 19 daga ciki na dawo hannu rabbana. Amma wallahi ban taɓa yin shekarar da ta gamsar da ni irin wannan ba. Shekara da shekaru ina ɗora laifin rashin sa'a a kan ƙugiya da zare, ashe lokaci ne ban iya ba. Littafin ne ya nuna mini haka, shafi bayan shafi.

Ka ɗauki bazara. Da can nakan zauna bakin ruwa rana tsaka ina ƙonewa, ina mamakin shirun da fatsa ta yi. Ruwa in ya ɗumama iskar da kifi ke shaƙa raguwa take yi a cikinsa: a zafin digiri 20 lita guda takan riƙe kusan miligiram 9, in ya kai digiri 30 sai ta sauko wajen 7 da rabi. Kifi sai ya nutsa ƙasa ko ya laɓe a inuwar saiwoyi, ya daina kiwo. Tarwaɗa ce wannan bai dame ta sosai ba, don tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa kake ganin ta ɓullo ta haɗiyi iska ta koma. Sai na mayar da fitata bayan magariba, na riƙa ajiye tana a ƙasan ruwa inda take lalube da gashin bakinta. Dare uku a jere na cika kwando. Na tuna ka sosai a daren farko, don kai ne ka sha faɗa mini haka ina musu.

A bazarar nan ne kuma muka ga gaiwa, kifin nan mai kwanciya cikin laka, ni da babban yarona. Muna tafe a wata fadama da ta ƙafe ƙarƙaf, ƙasa ta tsattsage, sai ya hangi wani ɗan rami kamar an soka yatsa. Muka tona a hankali. Tana can ƙasa a naɗe, cikin wani ɓawo na yauƙinta da ya bushe, bakinta yana fuskantar ramin da take numfashi ta cikinsa. Na yi masa bayanin cewa huhu gare ta, kuma haka za ta kwanta watanni ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Ya daɗe tsugune yana kallo. Shi da kansa ya ce mu rufe ta. Muka mayar da laka muka bar mata ƙofar iska, ya kafa kara a wurin. Bayan ruwan farko mai ƙarfi ya ja ni muka koma, karan na tsaye cikin ruwa har gwiwa. Tun daga ranar ban sake roƙonsa ya raka ni ba, shi ke tashe ni.

Abin da ya fi canza mini hannu kuwa wata karfasa ce. Farkon damina na jefa birgi, wato ragar jifa, a wani wuri mai yashi mara zurfi, na jawo manya guda huɗu. Ɗaya na ga maƙogwaronta a kumbure. Da na buɗe bakin, cike yake da ƙwai rawaya, wasu har idanu sun fito. Na san labarin cewa macen kan goyi ƙwanta a baki mako guda zuwa biyu ba ta cin komai, amma sani daban, riƙewa a tafin hannu daban. Na mayar da ita da sauri, ko da yake ta riga ta zubar da wasu. Da ruwan ya kwanta na duba da kyau, sai ga ƙananan ramuka zagayayyu birjik a kan yashin, sheƙunan da mazan ke haƙawa. A kansu na yi ta jifa shekaru ban lura ba. Na bar wannan gefen har kaka, na kuma sauya birgi zuwa mai faɗin ido, wanda ƙanana ke zurarewa. Kamun da na yi a wurin da kaka ya ninka abin da na saba.

Giwan ruwa fa, na san shi kake jira. Sau biyu muka haɗu. Na farko ya tafi da ƙugiyata bayan mun ja kusan rabin sa'a. Da na naɗo zaren na ga bakinsa a murɗe, alamar ƙulli ne ya warware, ba tsinkewa ya yi ba. Na ɗaura shi cikin gaggawa da asuba, ban jiƙa shi ba kafin in ja. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun daga nan da dare nake ɗaura komai a gaban fitila, in gwada kowane ƙulli da ƙarfin hannu. Karo na biyu a gindin wasu duwatsu ne inda ruwa ke juyawa, da ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya, rana tana gab da faɗuwa. Ya yi tsalle sau biyu yana girgiza kai, baki a wangame. Kilo 23 ma'auni ya nuna. A jinsin da ke iya kusantar kilo 200 wannan yaro ne, amma hannuwana sun yi rawa har na isa gida. Tsage kuwa, kifin nan mai kaifin haƙora, ya yanke mini zare sau uku kafin na yarda na sa guntun waya a gaban ƙugiya.

Daji ban shige shi da yawa kamar ruwa ba. Na sabunta lasisi tun farkon shekara, na rataye bindiga duk tsawon damina. Lokacin zabuwa ke kwanci, kwana 26 zuwa 28 take yi a kan ƙwai, wanda ya harbe ta a lokacin ya kashe garke guda da harsashi ɗaya. Da ciyawa ta bushe na fito, zabi da fakara sun yi yawa har karen nan naka, da ya tsufa yanzu, ya riƙa rasa wadda zai bi. Ƙullin tokar da ka koya mini yana aljihuna kullum. In na kaɗa shi na ga inda toka ta nufa, sai in zagayo ta yadda iska za ta riƙa bugun fuskata.

Akwai abin da zan gaya maka wanda ban gaya wa kowa ba. Na ji wa wata gada ciwo. Ta yi nisa, haske ya fara ja, na san bai kamata ba, na harba. Ta yi tsalle ta shige sarƙaƙiya. Na bi jini da tocila har ya ɓace mini, na kwana ban runtsa ba. Da gari ya waye na koma da kare, muka yi ta bin sawu har hantsi kafin muka same ta kwance a gindin wata ƙaya, da sauran rai. Na ƙarasa ta nan take. Amma daren da ta kwana cikin azaba ni na jawo mata. Na auna tazarar daga baya da taku, ta haura mita 50. Yanzu na yanke wa kaina mita 30, abin da ya wuce haka kallonsa nake yi ya tafi, kuma sau da dama bana na sauke bindiga a kan hakan.

Na kuma bar harsashin dalma a bakin ruwa. Agwagi kan tsinci ƙwayoyin da suka zube tare da tsakuwa, ƙundu ya niƙe su, gubar ta shiga jini, tsuntsun da ba wanda ya harbe shi ya je ya mutu a cikin ciyawa. Amurka ta hana shi a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, Tarayyar Turai ta hana shi a dausayi a 2023. Na ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, dole ka ɗauki ƙwaya mai ɗan girma ka kuma matso kusa, kuma ba kowace tsohuwar bindiga ke jure shi ba. Sai da na kai tawa wurin mai gyara ya duba bakinta tukuna.

Abu guda ya ɓata mini rai ƙwarai. Wata safiya na tarar da wani tafki fari fat da matattun kifi, manya da 'yan mitsi-mitsi, har kwaɗi, ga kwalbar maganin ƙwari a yashe a gefe. Na kai rahoto inda ya dace. Wata biyar ke nan, har yau ko ƙyalli ban gani a ruwan ba.

Sandar fatsarka tana nan inda ka rataye ta, na shafa mata mai, na sauya zaren. Yaron ya tambaye ni ko zai iya ɗauka, na ce sai ka ba da izini da bakinka, don haka ka amsa masa a wasiƙarka. Ka kuma faɗa mini irin ruwan da ke kusa da kai a can, da irin kifin da ke ciki, da ko ka samu abokin fita. In hutunka zai faɗo da kaka, ka sanar da ni da wuri. Na rubuta kwanan watan da giwan nan ya ci, ina kuma zargin wanda ya tafi da ƙugiyata yana nan a gindin duwatsun.

Ka gaida maiɗakinka da yara, mutanen gida duka suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka