Rahoton Ayyukanmu na Bana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Taron wata-wata an yi, masu zuwa sun san kansu.

Abin da ya fi faranta mana rai bana ranar gwajin sensa ce, wallahi ranar na ga amfanin ƙungiyar nan. Mun haɗa tamokopul nau'in K (sensar auna zafi) da Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake sa wa kod) ta cip ɗin MAX6675 mai karanta zafin, muka jawo zafin cikin LabVIEW, manhajar kamfanin NI da ake haɗa shiri a cikinta da akwatuna da wayoyi a allo, ana kanga wa sensa wuta layin yana hawa a allo kowa na kallo. Sabbin da suka saba rubuta kod layi bayan layi a nan suka gane cewa akwati ba ya motsi sai duk wayoyin da ke shiga cikinsa sun kawo data, abin da muka sha bayani a baki bai shiga ba. Da lambar ta tsaya cak muka ɗauka sensa ce ta mutu, sai wata ƙanwarmu ta ce lup ɗin, wato sashen shirin da ke ta maimaita karanta sensa, shi ke gudu ba hutu, shi kuma cip ɗin yana son wajen kwatan sakan kafin ya gama auna na gaba. Aka sa jiran milisakan 250, ya tashi. Allah ya ƙara mata basira.

Sai maganar na'urar lura da girgizar mota da ake ta tambayata. Ba a gama ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Girgiza ba zafi ba ce, dole saurin ɗaukar samfur, wato sau nawa ake aunawa a sakan, ya wuce ninki biyu na mitar girgizar da kake nema, wato dubbai a sakan, haɗin da muke da shi ba zai kai ba. Katin DAQ, na'urar ɗaukar data cikin sauri, ake buƙata, da me za mu saya? Mafi yawanku ba ku biya kuɗin shekara ba, na kira na tura saƙo har na gaji, wasu ma sai ranar karɓar satifiket ake ganinsu.

Aikin masana'antar da muka mayar kuma, dalili shi ne LabVIEW Community Edition da NI ta fitar a 2020 kyauta ne amma ba na kasuwanci ba, masu cewa mu sa kirak, wato manhajar sata, su yi haƙuri ba za mu yi ba. Muna duba Node-RED (manhajar kyauta ta haɗa na'urori) da Modbus (tsarin sadarwa tsakanin na'urorin masana'anta) don irin wannan aikin baɗi.

Don Allah a kai wa ma'aji bashi kafin taro mai zuwa, ranar za a karanta sunayen da suka rage.