Farautar barewa a Amurka: hawa bishiya ko kwanto a ƙasa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in sa baki a wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin mafarauta a nan jihar Wiskonsin inda nake zaune, wadda na ga 'yan uwanmu sababbin shiga harkar su ma sun ɗauko ta da zafinta: wai wanne ya fi, ka hau bishiya ka zauna a kujerar da ake ɗaurawa a jikinta, ko ka yi kwanto a ƙasa cikin ɗan tanti? Ni dai na gwada duka biyun.

Barewar nan mai farin wutsiya ba a sakar mata karnuka a jihar nan, doka ta hana, yawanci dako ake yi, ka gano hanyar da take bi daga makwancinta zuwa wurin kiwo ka zauna ka jira. Babban lokacin bindiga kuma kwana 9 ne kacal, yana farawa ranar Asabar ta ƙarshe kafin bikin godiya na Amurkawa a watan Nuwamba, shi ya sa kowa ke ji da wurin zamansa.

Gaskiya bishiya tana da daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba. In ka hau ƙafa 15 zuwa 20 za ka hango barewa tun daga nesa, ka fita daga saitin idonta, kuma in ka yi harbi ƙasa harsashin zai nufa, ba zai tafi yawo cikin daji ba. Amma masu cewa wai in kana sama barewa ba za ta ji warinka ba, wannan kam zance ne. Da yamma in iska ta yi sanyi gangarowa take yi, ta ɗebo warinka ta kai mata har hanci, sai dai kawai ka ji ta yi huci ta ɗaga farar wutsiyar nan ta cika wa rigarta iska. Kuma inda aka saba farautarsu sun koyi ɗaga kai. Masu baka da kibiya su ma sun sani, in barewa ta zo dab da gindin bishiyar, kibiya daga sama huhu ɗaya take iya samu, dabba ta gudu da rauni kai kuma ka kwana bin jini da tocila.

Amma babban abin da ya sa na rubuto shi ne faɗuwa. Mutane bindiga suke tsoro, alhali a jihohi da dama faɗowa daga bishiya ta fi harsashi raunata mafarauta, kuma galibi ba a zaune ake faɗowa ba, a'a, wajen hawa ne ko sauka ko lokacin da kake taka kujerar daga tsani. Ni ma ta taɓa ritsawa da ni, wata asuba ƙanƙara ta kwanta a matakalar tsanin, hannuna sun ƙage don sanyi, ƙafata ta zame, wallahi ba don ɗamarar da ke jikina tana haɗe da igiya tun daga ƙasa ba da yanzu wani labarin ake yi. Na yi ta reto kamar jemage kafin na samu na dafa matakala, kuma shi kansa reton in ya daɗe haɗari ne saboda jini yana taruwa a ƙafafu. Ko biri ya karye sai ya hau rumbu, to na yarda, mai son hawa ba zai daina ba, amma ya sa ɗamarar da ke kama kafaɗa da cinyoyi, ba bel ɗin ƙugu kaɗai ba, ya ɗaure tun ƙafarsa na ƙasa, bindiga kuma a cire mata harsashi a jawo ta da igiya bayan an zauna.

Tanti fa? Ga dattijo, ga mai ciwon gwiwa, ga wanda ya zo da yaro yana koya masa, ban ga abin da ya kai shi ba. Yaro zai yi ta mutsu-mutsu ba wanda ya gani, iska da ruwa ba su dame ka ba, ka sa baƙar riga ka ja da baya cikin duhun ka bar taga ɗaya ko biyu a buɗe, kar ka buɗe ta bayanka don haske zai tona ka. Matsalarsa barewa ta san dajinta kamar yunwar cikinta, in ta wayi gari ta ga sabon abu sai ta sauya hanya, don haka a kafa shi da wuri inda doka ta yarda, a lulluɓe shi da rassa. Ba ka gani da nisa, wannan gaskiya ne, kuma kana daidai saitin harsashin wasu, shi ya sa a filayen gwamnatin jiha lokacin bindiga dole tanti ya ɗauki ƙyalle mai ruwan lemo mai ƙyalli, aƙalla inci murabba'i 144, da za a gani ta kowane ɓangare. Kar wannan ya dame ka, idon barewa bai cika ganin ja da ruwan lemo sosai ba, shuɗi ne take gani raɗau, don haka wandon jins ɗinka ya fi ƙyallen nan tona maka asiri.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake yi wa mai tanti kallon rago. Barewar da na fi alfahari da ita a ƙasa na same ta, taku 20 tsakaninmu, iska na kaɗowa daga wajenta zuwa fuskata, har ta faɗi ba ta san da ni ba. Bana ma tantin zan kafa a bakin gonar masarar da mai ita ya ba ni izini, tsanin kuwa yana gareji, sai in ganye ya zube na ga ba yadda zan yi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Wiskonsin, Amurka