Ɗaliban digirin digirgir su duba cancanta kafin neman horon manufofin kimiyya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin ɗalibanmu masu digirin digirgir a fannonin kimiyya da ke son koyon yadda ake tsara manufofin gwamnati. Sanarwar guraben horo na yawo a WhatsApp ba tare da an faɗi wanda ya cancanta ba, sai ɗalibi ya yi makonni yana cika takardun da tun farko ba nasa ba ne.

Shirin AAAS, ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Amurka, wanda aka fara a 1973, sai ɗan ƙasar Amurka da ya riga ya kammala digirinsa. Na Mirzayan, wani shirin horon na Amurka mai mako 12 a birnin Washington, yana karɓar ɗalibi, amma baƙo sai yana da izinin zama da aiki a can. Na POST, ofishin kimiyya da fasaha na majalisar Birtaniya, wata 3 ne, ɗalibi ya rubuta wa 'yan majalisa taƙaitaccen bayani, sai dai an yi shi ne domin masu karatu a jami'o'in ƙasar.

Wanda ɗalibin Zariya ko Yamai zai iya nema daga gida shi ne shirin cibiyar bincike ta ƙasa da ƙasa mai suna IIASA da ke Laxenburg, kusa da Vienna a Ostiriya, daga Yuni zuwa Agusta. Ana rufe karɓar takardu a Janairu. Ana buƙatar tsarin bincike da ya dace da aikin wani sashe na cibiyar, da wasiƙun shaida daga malamai. Kuɗin zama yawanci ƙasashen da ke cikin cibiyar ne ke biya wa nasu, don haka a nemo mai ɗaukar nauyi tun da wuri.

Inda aka fi faɗuwa kuwa shi ne takardar bayanin kai. Ɗalibi sai ya kwaso babin farko na kundinsa ya liƙa. Mai bincike kan gubar aflatoxin a gyaɗa, alal misali, zai cika shafi da bayanin na'urar gwaji, alhali masu tantancewa so suke su ji wace hukuma ce ke da wuƙa da nama, NAFDAC ko ma'aikatar gona, wane zaɓi ke gabanta, kuma nawa manomi zai kashe idan aka tilasta masa busar da gyaɗa a kan leda maimakon ƙasa. Sai kuma malaman da ke jinkirta wasiƙa har a rufe shafin karɓar takardu. A ba su wata guda, a riƙa tuna musu. A kuma karɓi izinin mai duba aiki a rubuce, domin wata 3 ba a ɗakin gwaji ba na iya jawo rigima da makarantar gaba da digiri.

Roƙona gare ku, duk sanarwar da za ku buga, ku sa sharaɗin ɗan ƙasa da ranar rufewa a layin farko.

Na gode.

Wani malamin jami'a,
Zariya