Jirgin zamiyar ruwa: mai tsada da mai araha, wanne ya fi ƙarko, wanne ya fi riƙe kuɗinsa?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi bayani kan wata haja da ba kasafai ake zancenta da Hausa ba, wato ƙananan jiragen ruwa masu gudu waɗanda ake ƙerawa don jan masu wasan zamiya a kan ruwa. Wasan na Amurkawa ne tun asali. A 1922 wani matashi mai suna Ralph Samuelson ya fara shi a tafkin Pepin da ke jihar Minesota, kuma har yau manyan masana'antun waɗannan jirage suna jihohin Tenesi da Fulorida da Teksas. To amma gwanjonsu yana iya biyo teku kamar yadda na motoci ke biyowa, kuma mai kuɗin da ya ga hoton jirgi a intanet ya ƙyasa ya kamata ya san abin da zai saya kafin ya yi cinikin biri a sama.

Tambayar da masu saye ke yawan yi ita ce, shin wanda ya sayi mai araha zai yi ta fama da gyara, kuma ranar sayarwa ya yi asara? Amsata ita ce sunan kamfani yana da tasiri a ranar sayarwa, amma tasirinsa kaɗan ne a kan ko jirgi zai tashi ranar da aka murza makulli.

Manyan sunaye uku ne suka mamaye kasuwar. Akwai Nautique na kamfanin Correct Craft, wanda aka kafa a 1925 kuma ya fito da Ski Nautique a 1961. Akwai MasterCraft da ya fara a 1968, sai Malibu a 1982. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, yawancin masu arahar 'ya'yan gidajen masu tsadar ne. Axis na kamfanin Malibu ne, ya fito a 2009, kuma a garin Loudon na Tenesi ake ƙera su duka biyun. Moomba da Supra uwa ɗaya uba ɗaya suke, kamfanin Skier's Choice ke yin su a Maryville, Supra ce ta masu hali, Moomba ta masu lissafi. Kamfanin Tige da ke Abilene a Teksas yana da nasa mai arahar, ATX, MasterCraft kuma nasa masu arahar su ne jerin NXT.

Injin ma haka. Shekaru da dama masu ƙera jiragen ba sa yin bulok, wato gangar jikin inji, da kansu. Bulok ɗin motar General Motors ko Ford ake ɗaukowa, sai kamfanoni irin su Indmar da PCM da Ilmor su sauya shi ya dace da aikin ruwa. Injin GM mai silinda 8 da girman lita 5.7 ya yi aiki a cikin masu tsada da masu araha ba adadi. Injin Indmar da ke cikin Moomba daga gida ɗaya ya fito da wanda ke cikin Supra. Saboda haka idan dillali ya ce maka injin mai tsada ba ya mutuwa, ka tambaye shi wane ne ya ƙera injin, sannan ka leƙa na mai arahar ka karanta sunan da ke jikinsa.

Ina kuɗin ke tafiya ke nan? Yana tafiya a kaurin ledar kushin da ingancin ɗinkinta, da kyan fentin jiki, da ƙarafan da ba sa tsatsa, da tsarin wayarin, da abin da ke rage ƙarar inji, da tirelar da ake jan jirgin a kai, da kuma na'urori. A nan gaskiya mai tsada ya fi. Bayan shekara 8 ko 10 a rana, kushin mai araha ne ke fara tsagewa a bakin ɗinki, hinjin akwatuna su saki, kafet ya ruɓe. Waɗannan ba sa hana jirgi tafiya, sai dai su ne idon mai saye ke fara sauka a kai.

Na'urorin kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Jiragen zamani masu tsada sun tattara kusan komai a kan allon taɓawa guda: fitilu, famfunan tankunan ruwa, saita gudu, har da faifan da ke bayan jirgi masu tayar da igiyar ruwa, irin Surf Gate da Malibu ya fito da shi a 2012. Ranar da allon ya mutu, rabin jirgin ya mutu, kuma idan an daina yin irinsa sai an sha wuya kafin a samu. Mai arahar da ke da makunnai na hannu da agogo masu allura, idan makunni ɗaya ya lalace, shi kaɗai za a canza, kowane mai wayarin mota zai iya. Tankunan da ake cika wa ruwa don jirgi ya yi nauyi ya tayar da babbar igiyar ruwa, waɗanda a wasu jiragen ke ɗaukar fiye da tan guda, kowanne da famfonsa da tiyonsa da bawul ɗinsa, kuma kowanne ƙofa ce ta yoyo. Wanda zamiya zalla yake so a kan katako ɗaya, a gudun kilomita 55 ko 58 a awa kamar yadda ake yi a gasa, ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Abin da yake bukata shi ne jirgi mara nauyi mai inji a tsakiya da na'urar riƙe gudu irin Zero Off ko PerfectPass.

Abubuwan da ke kashe waɗannan jirage sanannu ne, kuma ba sa tambayar farashi.

Na farko shi ne impela, wata 'yar roba mai fukafukai da ke cikin famfon da ke zuƙo ruwan tafki don sanyaya inji. Yawancin waɗannan injuna ba su da lagireto, ruwan da jirgin ke kai shi ne ke ratsa su. Ana canza robar duk shekara. Idan aka tayar da inji a tudu ba ruwa, cikin ƙasa da minti guda take ƙonewa. Fukafukan da suka karye sukan maƙale a bakin na'urar sanyaya man giya, don haka wanda ya canza robar bai ƙirga gutsattsarin tsohuwar ya zaƙulo su ba, injinsa zai ci gaba da zafi. Zafin kuma shi ke ƙona gasket, ya lanƙwasa kan silinda, ya narkar da tiyon salansa.

Na biyu shi ne ƙanƙara, kuma a nan ne mai sayen gwanjo daga jihohin arewacin Amurka ya kamata ya buɗe ido. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Mai jirgin da ya manta bai zubar da ruwan cikin bulok ba kafin hunturu, dare ɗaya ya isa bulok ya tsage. Wani tsagin a waje yake, ana ganin layin tsatsa a gefen inji. Wani a ciki yake, alamarsa ita ce baƙin mai ya koma kamar madara bayan inji ya yi aiki. Shi ya sa duba mai kafin gwaji kaɗai bai isa ba, mai sayarwa zai iya zuba sabo da safe. A sake zaro sandar auna mai bayan an yi rabin awa a kan ruwa.

Na uku ruwan gishiri. Bututun hayaƙin waɗannan injuna na ƙarfen zubi ne, ruwa na zagayawa a cikin bangonsa. Gishiri na cin bangon daga ciki har ruwa ya sami hanya ya koma silinda, kuma ruwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Jirgin da ya zauna a gaɓar Fulorida ba ɗaya yake da wanda ya yi rayuwarsa a tafki ba, ko da shekarunsu da awanninsu ɗaya. Wanda zai yi amfani da nasa a ruwan Legas, inda gishiri ke shiga, ya nemi injin da ke da rufaffen tsarin sanyaya, kuma ya riƙa ɗauraye shi da ruwan daɗi duk lokacin da ya fito.

Sai ruɓewar katako a tsofaffin jirage. Dogayen ginshiƙan da ke ƙarƙashin daɓe, waɗanda injin ke zaune a kansu, a da katako ne aka lulluɓe da faiba. Ruwa na bin ramin kusoshi ya shiga, katakon ya ruɓe a ɓoye. Nautique ya daina sa katako a nan daga ƙirar 1993, shi ya sa na 1992 da na 1993 suke da tazara a farashi duk da kamanninsu. Gwajin ba wuya: a sa sifana a kan notin da ya ɗaure ƙafar inji, idan yana juyawa bai kama ba, katakon ya tafi. Gyaran yana bukatar a ɗaga inji a yanke daɓe gaba ɗaya, kuma sau da yawa kuɗinsa ya kai kuɗin jirgin.

Sandar farfela kuma tana son saiti. Inda ta haɗu da giyabos, ratar da ke tsakanin fuskokin biyu kada ta wuce inci 0.003. Idan ta wuce, jirgi zai riƙa karkarwa, robar da ke riƙe sandar a ƙarƙashin ruwa ta cinye, wata rana sandar ta karye. Baƙin mai da filta kuwa duk awa 50 ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa.

Akwai wani nau'in araha daban da bai kamata a haɗa shi da su Moomba da Axis ba: jiragen yawon iyali irin na Bayliner, masu ƙafar farfela a waje ta baya. Suna jan mai zamiya, amma ba don gasa aka yi su ba. Ƙafar tana da robobi masu lanƙwasa da ke hana ruwa shiga, idan suka tsufa suka tsage jirgi na iya nutsewa a inda aka ɗaure shi. A irin waɗannan ne ake ganin darasi mafi zafi game da sayarwa. Kamfanin OMC, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera irin wannan ƙafa, ya karye a Disamban 2000, kuma tun daga nan jirgin da ke ɗauke da ƙafar OMC ya zama maraya, masu saye na gudunsa don tsoron rashin kayan gyara, ko da jikinsa garau yake.

Batun riƙe kuɗi, a nan ne babban suna ke cin ribarsa. Tsohon Ski Nautique ko MasterCraft ProStar mai tsabta ba ya daɗewa a kasuwa, domin masu neman sa sun san shi, kayan gyaransa na nan, kuma makanikai sun saba da shi. Sai dai a yi hattara da lissafin kashi cikin ɗari. Mu ƙaddara, don misali kawai, an sayi ɗaya dala 150,000, ɗaya kuma dala 90,000. Bayan wasu shekaru na farko ya faɗi da kashi 30, na biyu da kashi 35. A baki mai tsada ne ya yi nasara. A aljihu kuwa mai shi ya rasa 45,000, ɗayan ya rasa 31,500, ban da bambancin inshora da ruwan bashi. Haka kuma kayan ƙawa da ake ƙarawa lokacin saye, manyan lasifikoki da fitilun ƙarƙashin ruwa da fenti mai ƙyalli, kusan ba sa dawo da komai.

Kada kuma a ɗauki farashin 2020 da 2021 a matsayin ma'auni. Lokacin annobar korona Amurkawa sun yi rububin jiragen shaƙatawa har na hannu ya yi tashin gwauron zabi. Daga 2023, da ruwan bashi ya hau, kasuwar ta yi sanyi. Wanda ya saya a tsakiyar rububin shi ya fi jin jiki, ko wane suna ne a jikin jirginsa.

Mai niyyar saye ya fara da lambar jikin jirgi, mai harafi da lamba 12, da ke bayan jirgin ta hannun dama. Biyun ƙarshe su ne shekarar ƙira, kuma dole ta yi daidai da ta takarda. A injunan zamani awannin aiki na cikin kwamfutar inji, a sa makaniki ya karanto su, kada a dogara da agogon gaban direba wanda ake iya canzawa. Ƙarancin awa ma ba koyaushe ne abin murna ba: jirgin da ya shekara 15 da awa 100 ya fi zama a ajiye, fetur ya lalace a tanki, robobi sun bushe. Gara mai awa 700 da rasit ɗin sabis na kowace shekara. A auna matsin kowace silinda, kada tazarar babba da ƙarama ta wuce kashi 10 cikin 100. A kan ruwa a buɗe totur gaba ɗaya a ga ko injin ya kai juyin da littafinsa ya faɗa, ana kallon allurar zafi. A duba boris da burkin tirela, don sau da yawa ita ake mantawa.

Wanda zai kawo shi gida Najeriya yana da ƙarin abu biyu. Farfela da sitiyarin ƙarƙashin wannan jirgi a kafe suke, ba a ɗaga su kamar injin rataye na kwalekwale. A madatsun ruwa irin Tiga, inda ruwa ke ja baya da rani, kututture ko ragar masunta na iya lanƙwasa farfela da sandarta a bugu ɗaya, don haka a sayo farfela ta biyu da impela uku ko huɗu da filtoci tun daga can. Na biyun ya fi muhimmanci. Da yake bulok ɗin na mota ne, makaniki zai so ya sa kik ko altaneta ko kafireton mota idan na jirgin ya lalace. Kada a yarda. Na jirgi an rufe su yadda tartsatsi ba zai fita ba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan ɗakin inji ba shi da mafita. Saboda wannan ne ma aka ce a kunna fankar fitar da tururi minti 4 kafin a murza makulli, kowane lokaci. Rajista kuma tana hannun hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, kuma kowa a cikin jirgi, har da wanda ake ja, ya sa rigar kariya.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai gyaran injunan jiragen ruwa