Jarfar Leɓe Da Sunan Kwalliya: A Sa Ido Kafin Allura Ta Yi Ɓarna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu karatu, musamman iyaye mata da 'yan matan da ke shirin aure, game da wata kwalliya da tallarta ke ƙara yawa a Instagram da TikTok, wato cusa launi a leɓe da allura. Masu yin ta suna cewa mace za ta huta da shafa jan-baki kullum, leɓenta zai yi ja ko ruwan hoda, gefensa ya fito sarai, wadda nata ya yi duhu a haskaka mata shi, sannan launin ya gushe da kansa bayan shekara biyu ko uku. A Legas abin ya daɗe, domin jaridu sun sha kawo rahoton samarin da ke yi wa maza da mata wannan aiki a bakin titi a kewayen kasuwar kwamfuta ta Ikeja, yanzu kuma tallar tana isowa wayoyin 'ya'yanmu a Kano da Kaduna da Maraɗi.

Abin da ya dame ni shi ne yadda ake jera wannan aiki tare da lalle da dilka da kwalli, kamar duk abu ɗaya ne. Lalle a saman fata yake kamawa, ya goge cikin makonni ba tare da an fasa jiki ba. Wannan kuwa ana shafa wa leɓe maganin kashe zafi ne, sannan a ɗauko wata 'yar na'ura mai allura a baki ta riƙa huda fatar sau dubbai tana ajiye launi a ƙarƙashinta, tsawon awa biyu ko fiye. Leɓen yakan kumbura, ya tsattsafo da jini da ruwa, ya yi ɓawo, ya saɓule cikin mako guda, bayan mako shida zuwa takwas kuma a ce mace ta dawo a sake bi. Duk wanda ya san aikin wanzamai ya san cewa wannan jarfa ce, na'ura kawai ta maye gurbin aska. Ba ma baƙon abu ba ne a nahiyarmu, domin matan Fulani a Mali suna da al'adar baƙanta leɓe da kewayen baki, a Sudan ma an daɗe ana yi wa amarya jarfa a leɓen ƙasa da tarin allurai da kwalli, har wayewar kai da wa'azin malamai suka sa aka kusa daina ta. Abin da kakanni suka bari saboda azabarsa shi ne ya dawo mana ta waya, an canza masa launi daga baƙi zuwa ja.

Inda duk allura ta taɓa jini, maganar ciwon hanta ta shigo, kuma a ƙasarmu wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu, kuma akasarinsu ba su san suna da shi ba domin yakan shafe shekaru bai nuna alama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar wannan cuta tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai. Ke nan idan shago ya karɓi mata goma sha biyu, akwai yiwuwar a samu mai ɗauke da cutar a cikinsu, kuma ɗigon jinin da ya bushe a bakin na'ura ranar Litinin zai iya kama wadda ta zo ranar Asabar. Sauya allura kaɗai bai wadatar ba, tunda akwai marikin na'urar, da ɗan kofin da ake zuba launi, da kwalbar launin kanta idan an tsoma allurar da ta shiga jikin wata, da safar hannun mai aikin da ke ɗaga waya ta dawo ta ci gaba. Goge kaya da auduga da sifirit ba ya maye gurbin tukunyar turiri mai matsi da asibitoci ke amfani da ita, kuma ina tambaya, shagon kwalliya nawa ne ke da ita? Ta wannan hanyar ce kuma ciwon hanta nau'in C da ƙanjamau ke iya yaɗuwa.

Akwai kuma ƙurajen nan da ke fesowa a baki bayan zazzaɓi. Ƙwayar cuta ce ke kawo su, wadda kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50 ke ɗauke da ita a kwance cikin jijiya, huda leɓe kuma yana tayar da ita. Shi ya sa a wuraren da ake bin ƙa'ida ake tambayar mace ko ta taɓa yin su, a tura ta ga likita ya rubuta mata magani kafin a fara, domin idan suka feso a kan sabon rauni sukan bar tabo su kuma ɓata launin.

Shi kansa launin abin tsoro ne. Likitocin fata sun tabbatar cewa jan launi ya fi kowane launin jarfa jawo borin jiki, wato ƙaiƙayi da kumburi da ƙulluttai masu tauri, waɗanda kan iya bayyana bayan watanni ko shekaru. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da ko launi ɗaya domin cusawa a ƙarƙashin fata ba, kuma a tsakanin 2003 da 2004 ta karɓi ƙorafi sama da 150 a kan wasu launukan irin wannan kwalliya. Tarayyar Turai, tun daga watan Janairun 2022, ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a cikin tawadar jarfa. Idan ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji da masu bincike suka ga dole su yi haka, mu da ake shigo mana da kwalabe ta intanet, wasu ba ko takardar bayani a jikinsu, ya kamata hankalinmu ya fi nasu tashi.

Maganar cewa launin zai gushe da kansa ma rabin gaskiya ce. Yana disashewa, amma ba ya fita daidai wa daida, kuma yakan juye ya koma wani launi dabam. Baƙar fata irin tamu tana mayar da martani ga rauni ta hanyar ƙara duhu, wasunmu kuma jikinsu na yin tabo mai tudu, saboda haka wadda ta je neman hasken leɓe tana iya dawowa da dabbare-dabbare. Idan ta ce a cire, na'urar leza da ake goge jarfa da ita takan mayar da launin da ke da sinadarin ƙarfe ko farin sinadarin taitaniyam baƙi nan take, kuma da su ake haɗa da yawa daga cikin launukan leɓe. Ga tsada, ga ƙarancin ƙwararru, ga shi kuma a fuska ne, inda ba mayafin da zai rufe shi a gaban miji da dangi.

Ta fuskar addini, hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa ya zo a Bukhari da Muslim, kuma ina kira ga malamanmu su yi wa mata bayani a fili a kan wannan sabon salo, domin da yawa suna shiga ne bisa zaton cewa tunda an ce na ɗan lokaci ne, hukuncinsa ɗaya da na lalle. A gaya wa malamin yadda ake aikin dalla-dalla, da allurar da jinin, kafin a nemi fatawarsa.

Ba na zargin 'yan matan, kuma zuciyata tana tare da su. Yarinyar da ta taso tana jin ana yi mata gorin baƙin leɓe, tana ganin hotunan da waya ta gyara, tana kuma jin ana yaba wa masu shafa man bilicin, ba abin mamaki ba ne ta ɗauka halittarta ce ke da aibi. Duhun leɓe a jikin baƙar mace halitta ce, ba cuta ba ce, kuma mazan da ke furta irin wannan gori suna da kaso a cikin abin da ke faruwa.

Roƙona ga hukumar NAFDAC shi ne ta bi sawun waɗannan launuka da man kashe zafin da ake sayarwa tare da su, kamar yadda ta tashi tsaye a kan man bilicin a 2023. Ma'aikatun lafiya na jihohi kuma, da hukumomi irin wadda ke kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu a Jihar Kano, su ɗauki duk shagon da ke huda fata a matsayin wurin da ke buƙatar rajista da duba-gari, a wajabta wa masu aikin horo a kan kare yaɗuwar cuta da allurar rigakafin ciwon hanta, a kuma hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 18. Wadda aka riga aka yi wa a wurin da ba ta yarda da tsaftarsa ba ta je asibiti a gwada jininta, a sake gwadawa bayan wata shida, idan kuma ta ga kumburi ko mugunya ko ƙulluttai ta nemi likitan fata, kada ta koma shagon a ce za a gyara mata da wata allurar.

Na gode.

Wata mai karatu,
daga Kano.